Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Dalilin wannan ɗan rubutu shi ne wata muhawara da muka tafka da ƙanena, wanda ya tarar da ni ina kallon The 100 ya ce, "Yaya, ka kuwa san wa'azin Kiristanci ake ɗura maka a fakaice?" Na yi dariya a lokacin, to amma maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa yaron ya hango wani abu, fassarar da ya yi masa ce ban yarda da ita ba.

Ga wanda bai sani ba, The 100 shirin talabijin ne na Amurka da aka nuna daga 2014 zuwa 2020. Yaƙin nukiliya ya shafe duniya, waɗanda suka tsira suka shekara 97 a wata tasha a sararin samaniya mai suna Ark, wato sunan da Turawa ke kiran jirgin Annabi Nuhu. Da iskar shaƙa ta fara ƙarewa, sai suka turo fursunoni matasa 100 su gano ko ƙasa za ta zaunu. A Littafin Farawa na Kiristoci, Nuhu ya saki hankaka sannan kurciya domin su duba ko ruwa ya janye. To jama'a, yarinyar da ta biyo bayan matasan nan ita kaɗai a ɗan kumbonta sunanta Raven, ma'ana hankaka. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Haka abin yake a Battlestar Galactica, wanda Ronald D. Moore ya sabunta aka nuna daga 2004 zuwa 2009. Mutum-mutumin da ake kira Cylon sun hallaka duniyoyi 12, kwatankwacin ƙabilu 12 na Bani Isra'ila, ragowar mutane kusan 50,000 suka shiga gudun hijira suna neman ƙasar alkawari. Shugabarsu Laura Roslin tana fama da ciwon daji, kuma littafinsu na addini ya ce jagora mai jiran ajali ne zai kai su. A Littafi Mai Tsarki, Musa ya hangi ƙasar daga kan Dutsen Nebo ya rasu bai shiga ba. Ita ma Roslin da isarsu ta cika, tana kallon namun daji ta tagar jirgi, ko gida ba ta gina ba. Akwai kuma matuƙiyar jirgin yaƙi Starbuck, wadda ta mutu, ta dawo, ta nuna musu hanya, sannan ta ɓace. Wannan kam inuwar aƙidar Kirista ce ta mutuwa da tashi.

To shin wa'azi ne? A nawa ɗan tunani, a'a. Duba dai, a wannan shirin masu cewa Ubangiji ɗaya ne su ne Cylon ɗin da suka yi kisan ƙare dangi, su kuwa mutanen da muke tausaya wa gumakan Girka suke bauta wa, irin su Zeus da Athena. Wane mai wa'azi ne zai sa kalmar imaninsa a bakin makasa? Gaskiyar magana, marubucin da ya tashi a Amurka da labarin Ruwan Tsufana da Fitowa da Wahayin Yahaya ya girma, ko yana zuwa coci ko ba ya zuwa. Ranar da ya zauna rubuta ƙarshen duniya, a wannan rijiya zai zura guga, kuma ya san masu kallonsa za su gane ba sai ya yi dogon bayani ba. Ko Glen Larson da ya ƙirƙiri shirin na asali a 1978 ɗan ɗariƙar Mormon ne, abin gidansu ya ɗebo.

Abin da ya dace mu tambaya shi ne, aron ya yi aiki ko ado ne kawai? Alal misali shirin Jericho na 2006 ya ɗauki sunan birnin da ganuwarsa ta rushe a zamanin Joshuwa ya laƙaba wa wani ƙauyen Kansas, amma ni ban ga abin da sunan ya ƙara wa labarin ba. Na Roslin kuwa, sanin ƙarshen Musa ya sa tun kashin farko na san wahalarta wasu ne za su ci moriya, kuma hakan ya sa duk maganin da ta sha sai na ji a jikina.

Inda ƙanena ya yi gaskiya shi ne, mai kallon da bai san tushen abu ba haɗiye shi yake yi bai tauna ba. Maganin wannan ilimi ne, ka san me aka aro, daga ina, sannan ka auna da naka hankalin. Su kuma marubutanmu masu sha'awar irin wannan labari, roƙona kada su kwafo Ark da Raven, su dubi yadda waɗancan suka zura guga a rijiyar gidansu, su ma su leƙa tasu.

Allah Ya sa mu dace. Wanda ke da ja, bismillah, ina sauraro.