Sana'ar Hannu: Ƙulla Abin Wuya Mai Siffar Gicciye da Zare

  

A wannan wata zan koya muku wata ƴar sana'a da ta shigo ƙungiyarmu bara war haka, wadda saura kaɗan ta raba mana kai kafin ta zauna.

Cikin mu talatin akwai mata biyu Kirista. Ɗaya daga cikinsu, wadda muke kira uwar tagwaye, ta ɗaga hannu ranar zubi bayan an ƙidaya kuɗi, ta ce: "Shugaba, ina son rancen jika 5." Muka ce me za ki yi da su? Sai ta kwance bakin zanenta ta fiddo wani ɗan abu da bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Gicciye ne, an ƙulla shi da baƙin zare, babu ƙarfe babu itace a ciki. Ta ce ƙanwar mijinta ce ta koya mata a Yamai, ga Kirsimeti ya matso, mutanen majami'arsu suna saye su yi kyauta da shi.

Wuri ya yi tsit. Can sai wata ta ce a hankali: "Kuɗinmu ne za a sa cikin wannan?" Ban ga laifinta ba, abin da ke ranta ta faɗi. Inna ma'ajiya, wadda ta girme mu duka, ta gyara zama ta ce: "Ɗiyata, shekara nawa kina zubi?" Ta ce huɗu, Inna. "Kin taɓa fashi?" Ta ce a'a. Inna ta juyo gare mu ta ce: "To kuɗin da ke cikin akwatin nan har da guminta. Ranar da aka yi mini rashi kuwa, tare da ku ta wuni tana daka." Na ɗauko littafin dokokinmu na karanta da ƙarfi: rance na wadda ke zubi ne, ta faɗi sana'arta, ta faɗi ranar biya. Aka ɗaga hannu, mafi yawa suka yarda. Mai tambayar ta ce ita dai hannunta ba zai ƙulla ba. Muka ce ai ba wanda ya ce ki ƙulla. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke wa kowa hukunci a nan ba. Abin da na sani, ƙullin iri ɗaya ne, ko gicciye za ki yi, ko maratayin makulli, ko abin hannu. Don haka kowa ta karanta har ƙarshe.

Masu sana'ar suna kiranta makarame. Ba saƙa ba ce, ba ɗinki ba ne, ƙulli ne zalla da yatsu. Ana cewa sunan daga Larabci ya fito, daga masaƙan da ke ƙulla gezar mayafi don kada ta warware. Daga nan abin ya ƙetara Sifen da Italiya, ma'aikatan jiragen ruwa suka yaɗa shi, a shekarun 1970 kuma aka yi yayinsa sosai a Turai da Amurka. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Duk wadda ta ga kakarta tana ƙulla ragayar rataye ƙwarya ta riga ta ga uwar wannan aiki.

Kayan aiki ba su da yawa: zaren nailan mai kaki, siriri, wanda kaurinsa ya kai milimita 1, almakashi, ashana, tsohuwar wuƙa, da guntun katako da aka kafa wa ƙusa. Kafin ki biya kuɗin zare, ki roƙi mai shago ɗan guntu ki kusantar da shi ga wuta. In ya narke ya dunƙule, nailan ne, shi muke so. In ya kama da wuta ya zama toka, auduga ce, bakinta ba ya liƙewa sai da gam ko allura. Ni da kaina na taɓa sayo ƙunshi guda ban gwada ba, yanzu da shi nake ɗaure bakin buhu.

Ga yankan zare na abin wuya ɗaya. Wadda ba ta da magwaji ta auna da hannu, taƙi ɗaya na babbar mace ya kusa santimita 20. Ki yanka ɗaya mai santimita 20, shi ne ƙashin tsaye. Ɗaya mai 60, shi ne mai aikin tsaye. Biyu masu 10, su ne ƙashin kwance. Biyu masu 25, su ne masu aikin hannuwa. Sai igiyar wuya mai 70, da guntu mai 20 na marufi. Jimla santimita 240, ki ce mita biyu da rabi in an haɗa da asara. Ki riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Ƙulli ɗaya tak za ki koya, muna ce masa shimfiɗaɗɗen ƙulli. Zare huɗu ne a jere. Biyun tsakiya su ne ƙashi, ba sa motsi. Biyun gefe su ke aiki. Ki ɗauki na hagu ki kwantar da shi bisa ƙashi, ya yi kamar lamba 4. Ki ɗauki na dama ki ɗora shi bisa jelar na hagun, ki bi da shi ta ƙarƙashin ƙashi, ki fito da shi ta kafar da ke hagu. Ki ja su biyun daidai wa daida. Wannan rabin ƙulli ke nan. Sai ki sake, amma yanzu ki fara da na dama. Rabi biyu su ne ƙulli ɗaya.

Nan ne kowa ke faɗuwa. In kika yi ta farawa daga gefe ɗaya, aikin zai murɗe kamar igiyar guga. Na farkon da na yi haka ya fito, yarana suka yi ta dariya suna cewa Mama ta ƙulla tsutsa. Uwar tagwaye ce ta ba ni dabara: zaren da ya bi ta sama da farko, shi ne zai riƙa bi ta sama har ƙarshe, ko yana hagu ko yana dama. Ki yi masa ɗan ƙulli a baki don ki gane shi. Tun ranar ban sake ɓata ba.

Yanzu gicciyen kansa. Ki naɗe ƙashin tsaye biyu, ki rataya lanƙwasar a ƙusa. Ki sa tsakiyar zaren nan mai santimita 60 a bayansa, ƙasa kaɗan da ƙusa, yadda za a bar ƴar kafa a sama wadda igiyar wuya za ta shiga. Ki yi ƙulli uku. Kan gicciye ke nan.

Sai ki haɗa ƙashin kwance guda biyu, ki ratsa su tsakanin zaren tsakiya, su bi ta saman ɗaya su bi ta ƙarƙashin ɗayan. Ki tura su sama har su manne da ƙulli na uku, hagu da dama su zo daidai. Ki ci gaba da ƙulli a ƙarƙashinsu har guda bakwai. Na farkon cikin bakwai ɗin ki ja shi da ƙarfi, shi ke riƙe mahaɗa. In ya yi sako-sako, hannuwan za su riƙa lilo kamar fiffiken kaza mai ciwo.

Ki cire aikin daga ƙusa, ki juya shi, hannu ɗaya ya dubi ƙasa. Ki ɗauki zare mai santimita 25, ki sa tsakiyarsa a bayan ƙashin kwance, dab da jikin gicciyen, kada ki bar rata. Ki yi ƙulli uku. Ki juya ki yi wa ɗayan hannun haka. Sama uku, hagu uku, dama uku, ƙasa bakwai. Masu saye suna duban wannan, don gicciyen da suka saba da shi ƙafarsa ta fi tsawo. In kina son babba ki ƙara, amma sama da hannuwa su tafi daidai, ƙasa ta ninka su ko ta ɗara kaɗan, ki kuma ƙara tsawon zare tun wurin yanka.

Wurin rufe baki sai a hankali. Ki yanke kowane saura, ki bar ɗan tsini kamar ƙwayar gero biyu. Ki kusantar da wutar ashana, kada ta taɓa ƙullin, da ya narke ki danne da gefen wuƙa. Kada ki danne da yatsa. Narkakken nailan yana manne wa fata, na yi kwana uku ban iya tuƙa tuwo da daɗi ba. Yara kuma su matsa can lokacin da ake wannan.

Saura igiyar wuya. Ki zura ta cikin kafar sama, ki haɗa bakunanta biyu su wuce juna, ki ɗauki guntun marufi ki yi ƙulli huɗu a kansu. Bakin guntun kaɗai za ki narka, ki kula kada ya manne da igiyar, don ana son ta riƙa zamewa, mai sawa ta faɗaɗa ko ta matse. Ki yi ƙulli a bakin kowace igiya don kada ta zare. Abu ɗaya da nake roƙon ku: ki faɗa wa mai saye kada a rataya wa jariri ko ƙaramin yaro. Wannan zare ba ya tsinkewa in ya maƙale a wani abu.

To, mu koma ga lissafi, don nan ne uwar tagwaye ta kusa kwana ciki. Ƙunshin da ta saya mai mita 50 ne, a kan jika 2 da rabi, wato dala 500. In kowane ɗaya yana cin mita biyu da rabi, ƙunshin zai ba da guda 20, zaren kowane ya tashi dala 25. Da muka haɗa kuɗin mota zuwa kasuwa, da ashana, da ƴar ledar da take sawa a ciki, sai da kowane ya ƙara dala 15. Ya zama dala 40 kafin a yi maganar wahalarta. Ita kuwa ta fara sayarwa dala 50, wai ai zare ne kawai. Guda 20 ribarsu jika guda ke nan, a aikin da ya ci mata awa goma, don kowane yana ɗaukar rabin awa. Abin da ƙungiyarmu ke ɗorawa bisa rancen jika 5 kuwa dala 100 ne. Rabin ribar ya tafi tun ba a je ko'ina ba. Muka zauna da sakatariya muka rubuta mata a allo, ta mai da kuɗin dala 100. Mutum biyu suka yi ƙorafi, sauran suka saya, don aikinta tsaf yake. Ribar ƙunshi na biyu ta tashi jika 6. Kuɗin zare ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kada ki ɗauki nawa, ki yi naki lissafin kafin ki buɗe baki ki faɗi farashi.

Ki kuma san lokacin kasuwarki. Gicciye yana tafiya ne gab da Kirsimeti, 25 ga Disamba, da lokacin Ista, sai ɗai-ɗai in ana baftisma ko biki. Sauran watanni shiru. Kada ki ci rance ki ƙulla ɗari ki ajiye suna shan ƙura. Ki yi uku na nuni, launi daban-daban, wanda ya ce yana son goma ya ba da kafin alƙalami.

Sauran shekara fa? Ƙullin nan bai san hutu ba. In kika bar hannuwan, kika yi ƙulli goma sha biyar bisa zoben ƙarfe, kin sami maratayin makulli, ƴan kabu-kabu suna so. In kika ƙara tsawo kika sa duwatsun ado, abin hannu ne na ƴan mata da Salla. Akwai kuma gicciyen Agadas da maƙeran Buzaye ke yi da azurfa, wanda duk ɗan Nijar ya sani, Musulmi da Kirista suna sawa. Ana ƙidaya irinsa 21 a ƙasar nan, Tawa tana da nata, Damagaram tana da nata. Wannan ba da zare ake yin sa ba, aikin maƙera ne, amma ba ya rataya kansa. Sai da igiya, kuma igiya mai marufin zamewa irin wadda na koya muku ta fi wadda ake ɗaurewa a ƙeya. Wadda ke kusa da masu sayar da kayan azurfa ta kai musu biyu su gani.

Uwar tagwaye ta biya rancenta ranar da ta faɗa, ba ta ƙara ko kwana ɗaya ba. Yanzu mu biyar ke ƙulli a ƙungiyarmu. Ita da ƴar uwarta suna yin gicciye in lokacinsa ya zo, mu uku muna yin na makulli da na hannu. Cikin mu ukun har da wadda ta yi tambayar nan ranar zubi. Har yau ba ta ƙulla gicciye ba, ba kuma wadda ta sake yi mata maganar. Amma a tabarma ɗaya suke zama ranar Laraba, kuma in zaren ɗaya ya ƙare, ɗayar ke yanko mata.

Kafin zubi mai zuwa, kowa ta nemi tsohuwar igiya mai kauri ta gwada ƙulli goma a jere, don da mai kauri ido ya fi ganin inda zare ke bi. In ya kwanta shimfiɗe bai murɗe ba, kin iya, sai ki sayi zare. In ya murɗe, ki kwance ki sake, ba a yi asarar ko dala ba. Ku kawo wurin taro ku nuna wa juna.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku gaida gida da yara.