NA'URAR DA BA TA IYA FAƊIN DALILINTA KADA TA SHIGA ASIBITI

Duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Ikko, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, ya san wahalar zuwa asibiti a baƙon wuri. Likita ba ya jin Hausa, majiyyaci ba ya jin Turanci, sai an nemo tafinta. To, ga wani sabon baƙo yana shirin zama tsakaninsu, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira, mai duba bayanin mara lafiya ta ba likita shawara.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan na'urori wajen duba hoton ƙirjin 'yan shekara 15 zuwa sama domin neman alamar tarin fuka, kuma ana amfani da su a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu wannan ciwo. Amfaninsu a fili yake, domin kuwa masanan karanta hoton ƙirji kaɗan ne. Amma fa akwai sharaɗi guda da bai kamata a sassauta ba: na'ura ta iya faɗin dalilin shawararta.

Wani abu da ya faru a Amurka cikin shekarun 1990 ya isa ishara. Masana sun koya wa na'ura ta ware masu ciwon namoniya da za a kwantar da waɗanda za a sallama. Sai ta fito da wata ƙa'ida mai ban mamaki, wai mai ciwon asma ya fi sauran tsira. Ashe dalili shi ne, da ma likitoci kan garzaya da irin waɗannan mutane ɗakin kulawa ta musamman, shi ya sa suke rayuwa. Da an bi na'urar, da an tura mafi haɗari gida. Abin da ya tona kuskuren shi ne ƙa'idojin wannan na'ura a rubuce suke, mutum yana iya karantawa.

Haka kuma a 2019 bincike ya gano wata na'ura a asibitocin Amurka tana auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum, saboda haka ta riƙa ɗaukar baƙaƙen fata a matsayin masu sauƙin ciwo alhali kuwa ba haka ba ne. Mai turin baro ko mai gadi, wanda ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi, da wannan ma'auni lafiyayye ne sarai.

Ba a ce abin ba ya yiwuwa. Tun cikin shekarun 1970 aka ƙera MYCIN a Jami'ar Stanford, mai ba da shawara kan cututtukan jini, kuma likita yana iya tambayarta dalili ta jero masa ƙa'idojin da ta bi. Na'urorin yau sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da yawansu sun fi ta rufin ciki.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Tarayya da na jihohi su guji cinikin biri a sama. Kafin a sayi na'ura, a tabbatar tana nuna alamomin da ta dogara a kansu, da iyakar tabbacinta. A gwada ta a kan marasa lafiya na ƙasar nan, domin daɗin bayani ba shi ne gaskiyar bayani ba. Hukuncin ƙarshe kuma ya zauna a hannun likita, tun da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa ikon ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa.

Su kuma sarakunan Hausawa na zango-zango da malaman masallatai, sai su faɗakar da jama'a cewa tambayar likita dalili ba rashin kunya ba ne. Likitan da ya fahimci dalili shi ke iya faɗa wa tafinta, tafinta ya isar ga mai ciwo.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.