Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kwastam da NAFDAC kan Shigo da Abinci ta Iyakar Nijar



Ƙa'idojin shigo da abinci ta iyakar Nijar sun sha sauyawa tun 2019. A Agustan shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamban 2020 aka buɗe huɗu, har da Maigatari. Juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai ya jawo wani rufin, wanda Najeriya ta ɗage a Maris ɗin 2024. A 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, amma ƙungiyar ta ce tsarin sassaucin haraji na ETLS zai ci gaba kafin a yanke wata shawara.

Ɗan kasuwar Babura ko Kazaure yana ƙarƙashin hukumomi uku. Kwastam ce ke karɓar haraji. Abincin gwangwani da na leda, irin su madara, sai da rajistar NAFDAC. Wake, dabino da dabbobi kuwa aikin hukumar NAQS ne, mai duba lafiyar tsirrai da dabbobi. Shinkafar waje haramun ce ta iyakar ƙasa tun 2016.

Matsalar ita ce, duk waɗannan ƙa'idoji da Turanci suke, a intanet, alhali mai buhu goma daga Roni ko Gwiwa a bakin shinge yake fara jin labarinsu, kayansa na kan mota. Buƙatar 'yan kasuwar masarautar Kazaure ita ce a rubuta su da Hausa, a liƙa a kasuwanni da tashoshin mota, tare da adadin kowane kuɗi da irin rasiɗin da ake bayarwa.