Wasiƙa Zuwa Ga Manoman Sitiroberi Na Filato

Mai wannan wasiƙa, tsohon ɗan lambu, yana gaida manoman Chaha da Vom da kewaye. Sun cancanci yabo. A tudun Jos mai tsayin kusan mita 1,200 sun raini amfanin da ba ya son zafi, har ga shi yau a kasuwannin Abuja da Legas. Sannunku da aiki.

Sai dai yadda wasu matasa ke dashe yana ci masa rai. Sitiroberi ta yaɗo take haihuwa: uwa ta miƙa yaɗo, ɗa ya kafa saiwa, a yanke shi a kai sabuwar kunya. To duk cutar da ke jikin uwa, da ita ɗan zai tashi, musamman wadda darɓa ke ɗauka daga shuka zuwa shuka. Uwar da ta wuce shekara 3 ta soma gajiya. Amma sai ka ga yaro ya shiga tsohuwar gona mai nannaɗaɗɗen ganye yana tsintar yaɗo, har yana sayar wa maƙwabci. Wannan ba tattali ba ne, zalunci ne! Wanda ya saya zai sha ban ruwa rani guda, ya ƙare da 'ya'ya ƙanana.

Tsofaffin 'yan lambun da suka koya masa sana'a, Allah ya jiƙansu, ba sa taɓa dashe da tsakar rana. Sai la'asar sakaliya, a ciro shuka da ƙasarta, a ba ta ruwa nan take. Ina masu irin wannan haƙurin yanzu? Ita sitiroberi ma ta fi son kula, don in an binne wuyanta ruɓewa take yi, in saiwa ta fito fili ta bushe.

Ga kuma batun fili. Filato ƙasar dankalin Turawa da tumatir ce, kuma cutar yaushin da ke kama su tana kama sitiroberi, tana iya shekaru a cikin ƙasa. Wanda ya tone dankali ya bi sawunsa da dashe, ya kai shukarsa gidan cuta.

A gafarce shi in ya yi zafi, ƙaunar sana'ar ce. Roƙonsa ga 'yan'uwa shi ne su ware kunyar iri daban, daga matasan shuka masu lafiya, duk wadda ta nuna alamar cuta kuma a tuge ta a ƙone.