Wasiƙa Zuwa Ga Masu Bincike A Kan Malaman Birnin Zazzau



Ina roƙonku ku daina rubutawa a babin bitar ayyukan magabata cewa babu wanda ya taɓa yin rubutu a kan batunku. Galibi an buga sunan malami ne a Google Scholar, ba a ga komai ba, sai aka yanke hukunci. Alhali a unguwar Limancin Kona an daɗe ana karantarwa ana rubutu tun kafin zuwan boko, kuma da yawa daga abin da aka bari bai taɓa hawa intanet ba.

Ku fara da juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya fitar a 1995. Zai nuna muku wanda ya rubuta littafi da inda kwafinsa yake. Daga nan sai Samaru. A can Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana riƙe da rubuce-rubucen hannu da Northern History Research Scheme ya fara tarawa tun 1964, Laburaren Kashim Ibrahim kuma yana da kundayen digiri da ba a buga ba. Ku bi manazartar ƙarshen kowane kundi, wannan zai miƙa ku ga wancan. Kaduna ma ba nisa, akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. Littafin M. G. Smith na 1960, Government in Zazzau, yana da amfani, amma sarauta ya sa gaba, kada ku nemi labarin zaure a cikinsa.

Sai kun gama wannan za ku shiga cikin ganuwa, don malam yana gane wanda ya yi karatu kafin ya zo. Ku nemi almajirin gidan ya yi muku iso. Ku cire takalmi, ku jira a tashi darasi, kada ku zaro takardar tambayoyi kafin a gama gaisawa. In an buɗe muku gafaka, ku sani warƙoƙin ba a ɗinke suke ba. Wanda ya hargitsa su ya ɓata wa gida littafi, ya kuma rufe wa na bayansa ƙofa. Ku duba shafin ƙarshe, can ne mai kwafi kan sa sunansa, wani lokaci har da shekara, don kada ku ɗauki mai kwafi a matsayin mawallafi. Hoto kuwa sai da izini.

In Allah ya sa kun kammala, ku kai kwafin kundin zuwa gidan da aka buɗe muku gafakar, ku karanta wa malam wurin da kuka ambace shi, ya gyara muku kafin a buga.

Wassalam.