Ra'ayi: Kafin ka sayi mota mai ja da ƙafa huɗu saboda dusar ƙanƙara

Da zarar sanyi ya fara kunno kai a Amurka da Kanada, dillalan motoci kan koma tallar abu guda: mota mai ja da ƙafafunta huɗu, wadda suke kira AWD. Babu wanda wannan talla ke kamawa kamar baƙo, wato ɗalibanmu da likitoci da ma'aikatan jinya da suka taso inda hunturu ƙura ce da tsagewar leɓe. Mutum bai taɓa tuƙi a kan dusar ƙanƙara ba, tsoro ya cika shi, sai dillali ya ce masa ga maganin abin. A ganina, wanda ke zaune a garin da dusar ke sauka 'yan kwanaki kawai a shekara, kamar jihohin Maryland da Virginia ko yawancin biranen Ingila, bai kamata ya fara da wannan ba. Ya fara da taya.

Aikin AWD shi ne raba ƙarfin inji zuwa ƙafafu huɗu, ta yadda idan ɗaya ta yi santsi sauran za su ja. Wannan na da amfani wajen tashi daga tsaye da kuma hawan tudu. Amma a wajen tsayawa babu abin da yake ƙara maka, domin kowace mota da ƙafafu huɗu take cin birki, ko mai ja da gaba ce ko da baya. A kwana ma taimakonsa kaɗan ne. Haɗarin kan ƙanƙara kuwa galibi a nan yake: ka taka birki motar ta ci gaba da sulalewa, ko ka murza sitiyari ta ƙi bin ka. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne yadda irin wannan mota ke yaudarar direba. Tun da ta tashi sumul ba tare da ƙafa ta yi santsi ba, sai ya ɗauka titin lafiya lau yake, ya ƙara taka totur.

Abin da ke riƙe mota a ƙasa roba ce, kuma wurin da kowace taya ke taɓa titi bai wuce faɗin tafin hannu ba. Robar taya ta yau da kullum kan soma taurara idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas. Ita kuwa tayar hunturu an haɗa ta yadda za ta zauna da laushi, ga kuma ƙananan tsage-tsage masu kama dusar. Ana gane ta da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a tsakiya, a gefen tayar. Hukumomin da suka fi mu sanin sanyi a kan taya suka kafa doka. A lardin Quebec na Kanada wajibi ne a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ko da motarka mai ja da ƙafa huɗu ce. A Jamus ma doka ta hana hawa titi mai ƙanƙara ba tare da su ba.

Ga wanda dusar ke ziyarta jefi-jefi, sauya tayoyi sau biyu a shekara da neman inda za a ajiye su wahala ce, musamman ga ɗalibi mai ɗaki ɗaya. Akwai tsaka-tsaki: tayoyin da ake bari a jikin mota duk shekara amma suna ɗauke da wancan tambari, irin su Michelin CrossClimate. Sa su a Corolla ko Civic mai ja da gaba, wadda nauyin injinta ke kan ƙafafun da ke ja, za ta kai ka yawancin wuraren da kake zuwa.

Sai batun kuɗi. Toyota RAV4 da Honda CR-V sun daɗe suna fitowa iri biyu, kuma mai AWD ta fi tsada. Ta fi nauyi, ta fi shan mai, tana da ƙarin kayan ƙarƙashi da ke buƙatar sauyin mai da gyara. Idan taya ɗaya ta fashe bayan sauran sun ci rabi, sau da yawa bakanike zai ce a sauya duka huɗun, domin bambancin girmansu na iya lalata na'urar raba ƙarfi. Duk wannan za ka biya shi wata goma sha biyu saboda kwanakin da ba su cika mako biyu ba.

Kuma a ranar da abin ya ɓaci sosai, babu motar da ke fitar da mutum. A watan Janairun 2022 dusar ƙanƙara da manyan motocin da suka gitta sun toshe babbar hanyar I-95 a Virginia, ɗaruruwan matafiya suka kwana a cikin motocinsu, har da Sanata Tim Kaine, wanda ya shafe kimanin sa'o'i 27 a hanya. Abin da ya yi amfani a wannan dare shi ne tanki cike da mai, bargo da ruwan sha.

Akwai waɗanda zan ce su sayi AWD ba tare da jinkiri ba: wanda gidansa ke kan tudu, wanda ke ƙauyen da motar share dusa ba ta isa da wuri, da ma'aikaciyar jinya da dole ta kama aiki da asuba ko sama na zubowa. Haka mazauna Minnesota ko Alberta, inda dusar ke yin watanni a ƙasa. Subaru ta yi suna a nan, domin kusan duk motocinta da AWD suke fitowa. Su ma sai sun haɗa da tayar kirki.

Idan ta hannu za ka saya, ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙarƙashinta. Gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe, kuma tsatsa kan fara ne daga bututun birki da ƙashin motar, inda fenti mai sheƙi ba ya nunawa.