Bokzit ɗin Adamawa zai bi ta Duwala: me ya shafi 'yan kasuwar Kilomita Biyar?

Duk wanda ke da rumfa a kasuwar Kilomita Biyar ya san cewa arzikinmu a Duwala yake kwana. Shinkafa, sukari, atamfa, kayan gyaran babur, yawancinsu ta can suke sauka, su bi Garwa-Bulai da Beloko da Buwar kafin su iso Bangi. Ba mu manta da ƙarshen 2020 ba, lokacin da 'yan tawayen CPC suka tare hanya, manyan motoci suka yi makonni jibge a kan iyaka, farashi ya tashi. Shi ya sa nake bin labarin bokzit na Minim-Martap da idon basira.

Minim-Martap tana jihar Adamawa ta Kamaru. Kamfanin Canyon Resources na Ostareliya, ta hannun reshensa Camalco, ya samu lasisin haƙa a 2024. Bokzit jar ƙasa ce da ake fitar da alminiyam daga cikinta. Tsarin da kamfanin ya bayyana shi ne a ɗauke ta a jirgin ƙasa na Camrail zuwa Duwala, daga nan sai teku.

To, a nan gizo ke saƙar. Tashar Duwala a bakin kogin Wuri take, zurfin mashigarta bai kai mita 10 ba, kullum cikin yashe ta ake. Babban jirgin ma'adinai mai ɗaukar tan 180,000 kuwa yana buƙatar zurfin kusan mita 18. Kiribi tana da zurfi, amma layin dogo bai je can ba. Mafita ita ce juyen kaya a tsakiyar ruwa: a loda ƙananan jiragen dako a tasha, a ja su zuwa inda babban jirgi ya kafa anga, injin ɗaga kaya ya riƙa kwashewa yana zubawa.

Ba sabon abu ba ne. Tun 2015 kamfanin SMB ke yin haka a Boke ta ƙasar Gini, daga tashoshin Katuguma da Dapilon a kogin Nunez, kuma yau Gini ce kan gaba a duniya wajen fitar da bokzit. Dabarar tana aiki, sai dai tana da haɗurranta.

Na farko igiyar ruwa. Jirage biyu ne a manne, kowanne na rawarsa daban. Manyan robobi ne ke hana su gogar juna, igiyoyi ne ke riƙe su. Iska ta tsananta, dole a dakata, kuma kowace ranar jira kuɗi ce.

Na biyu laima, kuma shi ne mai kisa. Garin ma'adini idan ya sha ruwa fiye da kima, girgizar jirgi na iya mayar da shi kamar kunu, ya kwarara gefe guda, jirgi ya kife. A ranar 2 ga Janairun 2015 jirgin Bulk Jupiter ya nutse a gaɓar Biyetnam ɗauke da bokzit daga Kuwantan ta Malesiya. Cikin ma'aikata 19, mutum ɗaya ne ya tsira. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta ce a auna laimar irin wannan kaya kafin lodi. Yanzu ku tuna ruwan da ake shekawa a Duwala a Yuli da Agusta, ku tuna kaya a buɗe cikin ƙaramin jirgi na sa'o'i. Gwajin da aka yi a tudu ba lallai ya yi daidai da abin da ya isa babban jirgi ba.

Na uku mutanen gaɓa. A 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ƙura da asarar gonaki da gurɓatar ruwan sha a yankin Boke. Masunta ma ruwa ɗaya suke rabawa da jiragen.

Ni abin da ya fi damuna shi ne cunkoso. Mashiga ɗaya ce, layin dogo ɗaya ne. Idan mai ma'adini da kwangilarsa ta shekaru ya zo, shi da ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya, wa za a fara sallama? Jirgin dako ɗaya ya nutse a mashigar Wuri, sai mun ji a farashin buhun shinkafa a nan. Ubangi kuwa ba ta ɗaukar manyan jirage da rani, balle mu ce muna da madadi.

Ban ce aikin sharri ne ba. Idan ya sa aka gyara dogo aka yashe mashiga, mu ma za mu ci moriya. Amma shawarata ga shugabannin 'yan kasuwarmu da na direbobi ita ce su tambayi hukuma tun yanzu: wane tabbaci kayan Afirka ta Tsakiya ke da shi a Duwala, kuma nawa za a iya karkatarwa Kiribi? Mai oda kuma ya riƙa yi da wuri, musamman gabanin azumi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.